SINADARAN DA BA SA RUƁEWA: MU NEMI MADADINSU TUN KAFIN SU CIKA MANA GIDA

 

Yau za mu taɓo wata magana da ba a saba jin ta a majalisunmu ba, amma tana cikin kicin ɗinmu, tana cikin akwatin lefe, tana cikin takardar da ake naɗo wa yaranmu abinci. Maganar wasu sinadarai ce da masana ke kira PFAS a taƙaice, waɗanda a ƙasashen Turai da Amurka aka yi wa laƙabi da sinadaran har abada, saboda idan suka shiga ƙasa ko ruwa ba sa ruɓewa, idan suka shiga jinin mutum kuma sai su shekara da shekaru ba su fita ba.

Matsayarmu a kan wannan magana ba ta da tsawo. Duniya ta juya wa waɗannan sinadarai baya, tana kashe maƙudan kuɗi wajen neman madadinsu. Mu a nan bai kamata mu zauna mu zama kasuwar abin da wasu suka ƙi ba, kuma bai kamata mu jira a ƙirƙiro madadin a wani wuri sannan a sayar mana da tsada ba. Muna da jami'a, muna da masana, muna da kayan da za a yi binciken da su. Abin da ya rage shi ne jama'a su san da maganar, su kuma nemi a yi.

MENE NE WAƊANNAN SINADARAI?

PFAS ba abu ɗaya ba ne. Dangi ne babba, mai ɗauke da sinadarai wajen 10,000, kuma ɗan Adam ne ya haɗa su a masana'anta. Abin da ya haɗa su shi ne ƙullin da ke tsakanin ƙwayar kabon da ƙwayar fulorin, wanda yana cikin mafi ƙarfin ƙulli da aka sani a ilimin haɗa sinadarai. Zafin rana ba ya kwance shi, ruwa ba ya kwance shi, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganye da mushe a juji su ma ba sa iya masa. Wannan ƙarfin shi ne amfaninsu, shi ne kuma sharrinsu. Abin da aka shafa wa su, ruwa ba ya jiƙa shi, mai ba ya ratsa shi, abinci ba ya kama shi. Amma ranar da aka gama da shi aka jefar, sinadarin yana nan daram.

Labarin ya faro ne a 1938, lokacin da wani ma'aikacin kamfanin DuPont a Amurka mai suna Roy Plunkett ya ci karo da wani farin abu mai santsi a cikin tulun gas, ba da niyya ba. Shi ne daga baya aka sa wa suna Teflon. A shekarun 1950 aka fara shafa shi a jikin kaskon suya a Faransa, daga nan aka samu tukwanen da matanmu ke kira nonsitik. Daga baya aka shigar da 'yan'uwansa cikin rigar ruwa, darduma, kujerun falo, takalma, takardar naɗe abinci mai maiƙo, kayan kwalliya, da kumfar da ake kashe gobarar man fetur da ita.

A nan mu yi wani gyara tun da wuri, don kada a ɗauki maganar a kai ta inda ba mu kai ta ba. Fulorayid da ake sakawa a man goge baki daban yake da waɗannan sinadarai. Kada wani ya hana yaransa goge haƙora ya ce a shafinmu ya karanta.

ABIN DA YA SAMU WAƊANDA SUKA RIGA MU

A garin Parkersburg da ke jihar West Virginia a Amurka, wani manomi mai suna Wilbur Tennant ya ga shanunsa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har fiye da 100. Rafin da suke sha ya biyo ta wani fili da kamfanin DuPont ke zubar da shara. Ya nemi wani lauya, Robert Bilott, aka shigar da ƙara a 1999. A cikin takardun kamfanin aka gano cewa an daɗe da sanin hatsarin wani sinadari mai suna PFOA da ake amfani da shi wajen haɗa Teflon, kuma ya shiga ruwan shan jama'ar yankin. Daga baya aka ɗebi jinin mutum kusan 69,000, wani kwamitin masana ya yi shekaru yana nazari, ya kuma bayyana a tsakanin 2011 da 2012 cewa bisa ga dukkan alamu akwai alaƙa tsakanin wannan sinadari da cututtuka shida: kansar ƙoda, kansar 'ya'yan maraina, ciwon ƙululun maƙogwaro da likitoci ke kira tayrod, gyambon babban hanji, hawan jinin masu juna biyu, da yawan kitse a cikin jini. A 2017 kamfanonin da abin ya shafa suka amince su biya dala miliyan 671 ga masu ƙara fiye da 3,500.

Duk wanda ya tashi a gidan kiwo zai fahimci wannan manomi. Shanu ne suka fara faɗa masa gaskiya, kafin likita da lauya su iso.

Ba Amurka kaɗai ba. A 2021 hukumomi a Beljiyam suka gargaɗi mazauna kewayen masana'antar kamfanin 3M da ke kusa da birnin Antwerp da su daina cin ƙwan kajin da suke kiwo a gidajensu, saboda ƙasar da kajin ke tona ta gurɓace. A 2023 shi wannan kamfani na 3M ya amince zai biya aƙalla dala biliyan 10.3 ga hukumomin samar da ruwan sha na Amurka. A ƙarshen wannan shekara ta 2023 kuma, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon ta saka PFOA a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam. A watan Afrilun 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade cewa PFOA da ɗan'uwansa PFOS kada kowannensu ya wuce nanogiram 4 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha. Idan ana son a gane ƙanƙantar wannan adadi, kamar ɗigo ɗaya ne a cikin ruwan da zai cika tankar mai kusan 380, irin mai ɗaukar lita 33,000. Abin da ake tsoron ɗigonsa ɗaya a cikin wannan uban ruwa, ai ba abin wasa ba ne.

Akwai wani binciken da ya fi taɓa mu a matsayinmu na iyaye. A 2012 wani farfesa mai suna Philippe Grandjean ya wallafa nazarin da suka yi a kan yaran tsibiran Faro, inda suka ga cewa yaran da ke da waɗannan sinadarai da yawa a jininsu, garkuwar da jikinsu ke haɗawa bayan allurar rigakafi ba ta kai ta sauran yara ba, har da rigakafin mashaƙo. Dukkanmu mun ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a jihohin Arewa a 2023, har da tamu. Darasin a nan shi ne a ci gaba da kai yara rigakafi ba fashi, sannan a kare jikinsu daga duk abin da zai rage wa allurar ƙarfi.

TA INA ZA SU SHIGO MANA?

Wani zai ce ai mu ba mu da masana'antar haɗa irin wannan sinadari a Bauchi. Gaskiya ne, kuma abin godiya ne, domin mafi munin ɓarna ta faru ne a kusa da masana'antu, da sansanonin soja, da filayen jirgin sama. Amma akwai ƙofofi guda huɗu da ya kamata mu sa wa ido.

Ƙofa ta farko ita ce kasuwa. A shiga Wunti ko Muda Lawal ko Babbar Kasuwa a dubi kayan kicin da ake saya wa amarya a yau. Saitin tukwanen nonsitik ya zama kamar wajibi, uwa tana ganin idan babu shi a jere an gaza. Mu faɗi gaskiya: sabuwar tukunya mai kyau, daga kamfanin da ya san abin da yake yi, idan aka bi ƙa'idarta, ba ita ce babbar hanyar da waɗannan sinadarai ke shiga jiki ba. Matsalar ita ce ƙa'idar ba ta dace da girkinmu ba. An ƙera ta ne don matsakaiciyar wuta da cokalin katako. Idan zafinta ya haura digiri 260, shafen da ke jikinta yakan fara lalacewa yana fitar da hayaƙi mai cutarwa, wanda an san yana kashe tsuntsayen da ke cikin ɗaki, yana kuma sa wa mutum zazzaɓi. Mu kuwa kan murhun gawayi ko itace muke ɗora ta, mu tuƙa da ludayin ƙarfe, mu kankare da soson waya. Kafin amarya ta yi haihuwar fari, baƙin shafen ya ɓaɓɓare. A tambayi kai: ina ya tafi?

Haka kayan kwalliya. A 2021 masana a Jami'ar Notre Dame da ke Amurka suka gwada kayan kwalliya 231, suka samu alamar waɗannan sinadarai a cikin kusan rabinsu, musamman janbaki mai daɗewa a leɓe, da hodar shimfiɗa, da abin gashin ido da ruwa ba ya wankewa. Abin da ake tallata mana da cewa gumi ba ya goge shi, shi ne ya kamata a fi yi wa tambaya.

Ƙofa ta biyu ita ce abincin hanya. Shawarma, mitfai, gugguru da soyayyar kaza yanzu a cikin takarda ko kwali ake miƙo su. Takardar da za ta riƙe mai ba tare da ya huda ta ba, akwai abin da aka shafa mata, kuma shekaru da yawa PFAS ne kamfanoni suka fi amfani da shi don wannan aiki. A nan akwai tarko. A watan Janairun 2024 jihar Legas ta haramta farar robar tekawe, kuma ko ba daɗe ko ba jima wasu jihohi za su bi sahu, tunda kowa ya ga yadda leda da roba suke toshe mana magudanan ruwa da damina. Muna goyon bayan a rage leda. Amma idan aka hana roba aka maye gurbinta da kwalin da aka shafe da sinadarin da ba ya ruɓewa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. A 2023 masu bincike a Jami'ar Antwerp sun gwada tsinken shan lemo na takarda iri 20, suka samu PFAS a cikin 18.

Ƙofa ta uku ita ce kumfar kashe gobara. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, shi ya sa tun shekarun 1960 aka haɗa wata kumfa mai ɗauke da waɗannan sinadarai, wadda ake amfani da ita a filayen jirgin sama, da ma'ajiyar mai, da rijiyoyin mai. A ƙasashe da dama, wuraren da aka riƙa yin atisaye da ita su ne suka gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa na ƙauyukan da ke kewaye. Mu ma muna da filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Balewa a Durum. Sannan a watan Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙo mai a Kolmani, a iyakar ƙaramar hukumar Alkaleri da jihar Gombe. Duk muna addu'ar wannan aiki ya tabbata ya amfani jama'a. To, tun ran gini ran zane. Lokacin da ya dace a tsayar da irin kumfar da za a ajiye a can shi ne yanzu, kafin a sayo ganguna a jibge.

Ƙofa ta huɗu ita ce wadda ta fi ba mu tsoro, kuma tarihi ne ya koya mana ita. Ƙasar Denmak ta haramta PFAS a takardar abinci tun watan Yulin 2020. A watan Janairun 2023 ƙasashe biyar, wato Jamus, Holan, Denmak, Suwidin da Nowe, suka gabatar wa Tarayyar Turai buƙatar a taƙaita amfani da dangin gaba ɗaya. A watan Fabrairun 2025 majalisar Faransa ta zartar da dokar hana su a kayan kwalliya da tufafi daga 2026, ko da yake an cire tukwane daga cikin dokar bayan masu ƙera su sun yi ta matsin lamba. To, idan kasuwar can ta rufe, kayan da aka riga aka ƙera da injinan da ke ƙera su ina za su nufa? Manyanmu ba su manta da Koko ba, garin nan na bakin teku a jihar Delta ta yanzu, inda a 1988 aka jibge dubban gangunan shara mai guba daga Italiya. Sai bayan abin ya faru ne Najeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. Wancan a ganga ya zo, kowa ya gani. Wannan a cikin kwali mai ƙyalli zai zo, mu da kanmu za mu biya kuɗinsa, ko kuma a dilar gwanjo, cikin rigunan ruwa da dardumomi.

INA AKA KWANA WAJEN NEMAN MADADI?

Labarin ba na baƙin ciki ba ne duka. An yi nisa a wurare da dama.

A ɓangaren gobara, manyan filayen jirgin sama irin su Heathrow na Landan da na Kofanhegan sun daɗe da komawa kumfar da babu fulorin a cikinta, kuma jirage na ta sauka da tashi. A watan Janairun 2023 ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta fitar da ƙa'idar sabuwar kumfa marar fulorin. Ke nan babu wanda zai ce mana madadin bai wanzu ba.

A ɓangaren abinci, ana yin takarda da ake matse zarenta sosai har mai ya kasa ratsawa ba tare da an shafa mata komai ba, ana kuma gwada shafen sitaci, da kaki, da farar ƙasa. Wani kamfani a Landan mai suna Notpla yana shafe kwalin abinci da abin da ya tatso daga ciyawar teku, har ya ci kyautar Earthshot a 2022. A ɓangaren tukwane kuma akwai masu shafen da aka samo daga yashi, waɗanda ake kira na tangaran. Ba su da PFAS, sai dai santsinsu ba ya daɗewa kamar na Teflon. Kamfanin 3M, wanda yana cikin na farko da suka fara haɗa waɗannan sinadarai, ya sanar a watan Disamban 2022 cewa zai daina haɗa su zuwa ƙarshen 2025.

Hatta ruguza su da a da ake ganin sai da wuta mai tsananin zafi, a 2022 wasu masana a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun nuna cewa za a iya wargaza wani rukuni daga cikinsu a zafin da bai wuce digiri 120 ba, ta hanyar amfani da wani ruwan narkarwa tare da sodar nan da matanmu ke haɗa sabulu da ita. Aikin ɗakin gwaji ne, ba na gida ba, kuma bai shafi dangin gaba ɗaya ba. Amma ya nuna cewa amsar ba dole sai ta fito daga injin biliyoyin kuɗi ba.

Sai dai akwai darasi mai ɗaci a cikin wannan tafiya. Da aka matsa wa kamfanoni su bar PFOA, sai aka fito da wani ɗan'uwansa mai suna GenX a 2009, aka ce ya fi aminci. A 2017 jama'ar birnin Wilmington a jihar North Carolina suka wayi gari da labarin cewa yana cikin kogin da suke sha. An sauya suna ne kawai, dangin ɗaya ne. Saboda haka idan ka ga an rubuta a kwalin tukunya cewa babu PFOA, wannan ba ya nufin babu PFAS. An cire mutum ɗaya ne daga cikin gida mai mutum dubu goma.

ABIN DA MUKE DA SHI A GIDA

A duk faɗin Arewa, idan aka ce masa, Bauchi ake tunawa. To, da me iyayenmu mata suka yi wannan suna? Da tanda. Tandar ƙasa ko ta baƙin ƙarfe, idan ta sha mai ta sha wuta, sai man ya daskare a jikinta ya zama wani shafe mai santsi, masa ta riƙa juyawa ba ta kamawa. Tsohuwar tanda ta fi sabuwa, kowace mai sana'ar masa ta san da haka. Abin da masu kuɗi a Turai da Amurka suke komawa a yau ke nan, suna sayen kaskon baƙin ƙarfe da tsada, suna koyon yadda ake horar da shi da mai. Mu kuwa muna ajiye namu muna sayen tandar nonsitik. Haka tukunyar ƙasa, haka ta silba mai kauri, wadda uwa za ta yi girki da ita har ta bar wa 'yarta. Ƙanzon da muke gudu har muke sayen tukunyar da ba ta kamu, a da yara rububinsa suke yi.

Muna kuma da kayan da masu bincike ke nema. Muna da ƙaro, wanda ake fitarwa daga wannan yanki namu na Arewa maso Gabas zuwa ƙasashen waje ɗanye, a sarrafa shi a can. Muna da kakin zuma, da man kaɗanya, da sitacin rogo da na masara. Muna da karan dawa, da ƙaiƙayin shinkafa, da ɓawon gyaɗa, waɗanda muke ƙonawa a gona. Daga irin waɗannan ne ake gwada yin kwanon abinci mai ruɓewa, da shafen da zai hana mai ratsa takarda, da gawayi na musamman da ake tace ruwa da shi. Ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, wanda zai haɗa takardar naɗe tsire da masa daga karan dawa da ƙaro, ya gwada ta, ya tabbatar da ingancinta, ya samar wa kansa sana'a, ya samar wa manomi kasuwa, ya kuma rage mana leda a kwata.

Amma kada son na gida ya rufe mana ido. Ba duk abin da aka yi a gida ne lafiyayye ba. Tukwanen da ake narka tarkacen sanholo da sassan tsofaffin injina a zuba, binciken da aka yi a Kamaru da wasu ƙasashe ya nuna wasunsu suna sakin dalma a cikin abinci. Tsohuwar jarida da takardar siminti da ake naɗe tsire a ciki su ma ba don abinci aka yi su ba. Shi ya sa muke cewa bincike, ba komawa baya ido rufe ba. Na gida da na waje, duka a ɗora su a kan ma'auni ɗaya.

GA MASU CEWA MUNA DA MATSALOLIN DA SUKA FI WANNAN

Mun san za a faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki. Mutumin da ke fama da tsadar masara, da zazzaɓin cizon sauro, da amai da gudawa duk damina, ba zai kwana yana tunanin nanogiram ba. Ba mu ce a ɗauke kuɗin maganin kwalara a kai wa wannan ba. Abin da muke cewa shi ne wannan matsala tana cikin 'yan kaɗan da tare su ya fi komai araha, gyara su kuma ya fi komai tsada. Amurka mai arziki tana kashe biliyoyin daloli tana tace ruwanta. Mu idan namu ya gurɓace, da me za mu tace? Tafasa ruwa ba ya cire waɗannan sinadarai. Alif ba ya cire su, kulorin ma haka. Sai gawayi na musamman ko injinan tacewa masu tsada. A garin da mafi yawan gidaje suka dogara da rijiya, da burtsatse, da 'yan garuwa, tsare ruwan tun daga tushe shi ne kaɗai abin da aljihunmu zai iya.

Mun kuma ga abin da gubar da ido ba ya gani take yi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, iyaye suna ganin zazzaɓi ne ko iska, har sai da aka auna jini da ƙasa. PFAS ba ya kisa farat ɗaya irin na dalma, a hankali yake taruwa. Amma darasin ɗaya ne: abin da ba a auna ba, ba a san da shi ba.

Akwai kuma masu cewa ba za a iya rabuwa da su kwata-kwata ba. Su ma suna da hujja. Wasu kayan asibiti da ake sakawa a jikin majinyaci, da wasu sassan wayar hannu da kwamfuta, har yanzu da waɗannan sinadarai ake yin su. Mu ba mu da ja a kan abin da ke ceton rai. Amma janbaki, da kwalin shawarma, da tandar masa ba sa cikin wannan sahu.

KIRANMU

Najeriya ta riga ta rattaba hannu a Yarjejeniyar Stockholm ta hana sinadarai masu daɗewa, ta kuma tabbatar da ita a 2004. A ƙarƙashin wannan yarjejeniya aka saka PFOS a 2009, PFOA a 2019, da PFHxS a 2022. Ke nan ba sabuwar doka muke roƙo daga sama ba, cika alkawarin da aka riga aka ɗauka muke nema.

1. Ga gwamnatin jiha, da hukumar BASEPA, da hukumar ruwan sha: a haɗa kai da masana a auna ruwan Dam ɗin Gubi, da wasu rijiyoyi da burtsatse na cikin gari, musamman na kusa da manyan juji, a kuma sanar da jama'a sakamakon da Hausa. Ba muna cewa akwai guba a ruwanmu ba ne. Muna so a samu awon farko da za a riƙa komawa gare shi nan gaba.

2. Ga jami'armu da kwalejojinmu: matsugunin dindindin na ATBU yana Gubi, maƙwabcin dam ɗin da muke sha. A nemi tallafin bincike na TETFund da na hukumar RMRDC mai kula da albarkatun masana'antu, a ba ɗalibai aikin da zai fita daga kanta ya shiga kasuwa.

3. Ga hukumomin kashe gobara, da masu kula da filin jirgi, da masu aikin Kolmani: a sanya sharaɗin kumfa marar fulorin a cikin takardar kwangila. Tsohuwar da ke ajiye, idan akwai, kada a zubar da ita a ƙasa ko a kwata, kada kuma a yi atisaye da ita. Jami'an kashe gobara 'ya'yanmu ne, su ne na farko da take taɓawa.

4. Ga NAFDAC, da SON, da NESREA, da wakilanmu a majalisa: abin da aka hana sayarwa a ƙasar da aka ƙera shi, kada a bari a sayar mana.

5. Ga 'yan kasuwarmu masu zuwa Kano, Legas, Dubai da Sin sarin kaya: ku tambayi masu kamfani a rubuce. Ɗan kasuwa ɗaya ba za a saurare shi ba, amma ƙungiyar 'yan kasuwa za a saurare ta.

6. Ga iyayenmu mata da masu haɗa kayan ɗaki: kada a tayar da hankali, kada a zubar da kayan da aka saya da gumi. Tukunyar da shafenta bai taɓu ba, a yi amfani da ita a matsakaiciyar wuta da cokalin katako, kada a bar ta a wuta babu komai a ciki, a kuma buɗe taga. Wadda ta ɓaɓɓare a sallame ta. Idan za a sayi sabuwa, a duba ta silba ko ta baƙin ƙarfe. A daina jefa tsofaffin tukwane, dardumomi da rigunan ruwa a wutar shara a cikin unguwa, domin wutar juji ba ta kashe sinadarin, watsa shi take yi a iska da toka.

Mu a namu ɓangaren, a shirye muke mu ba da wuri mu tara jama'a ga duk malamin jami'a, likita ko jami'in muhalli da zai zo ya yi mana bayani da harshen da kowa zai gane. Wanda ke da ɗan'uwa a waɗannan wurare, don Allah ya tura masa wannan rubutu. Masu sana'ar masa da tsire, da masu sayar da kayan kicin, muna son jin ta bakinku, domin ku ne kuka san abin da zai yiwu a aikace da wanda ba zai yiwu ba.

Allah Ya tsare mana ruwanmu da ƙasarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
Gwallaga, Bauchi.